Wuri: Dabbar Teku da Ta Zama Kuɗinmu

Wanda ya hau ɗaya daga cikin duwatsun Birnin Kudu da hantsi, ya duba gabas ya duba yamma, ba zai ga abin da zai tuna masa da teku ba. Gonakin dawa ne da gero, da kuka da ɗorawa jefi-jefi, da shanu suna gangarawa rafi. Ko a jikin duwatsun, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, shanu mutanen farko suka zana. Teku mafi kusa yana can kudu, tafiyar fiye da kilomita 700. Da yawa cikin kakanninmu sun rayu sun koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Gwaram girma ba, ranar da ya kawo a tsakiyar damina. Amma kusan shekara 200 suka yi suna auna guminsu da abin da teku ya haifa. Da shi suka sayi gishiri da kanwa, da shi suka biya sadaki, shi jakada yake ƙirgawa in ya zo karɓar kuɗin ƙasa.

Abin kuwa bai ɓace ba. Shiga kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ko ta cikin garin Birnin Kudu, ka nemi layin 'yan koli ko shimfiɗar masu maganin gargajiya, za ka same shi cikin ɗan gwangwani, kusa da kwalli da duwatsun wuya. Kowane yaro zai gaya maka sunansa wuri. Tambaye shi mene ne wuri, sai ya ce dutse ne, wani ya ce ƙashi. Kaɗan ne za su ce maka gidan wata dabba ce mai rai, mai ido da baki, wadda ta yi kiwo ta yi ƙwai kafin ta mutu. Kaɗan ne kuma suka san cewa kalmar da muke furtawa sau ɗari a yini, wato kuɗi, jam'in wuri ce. Guda ɗaya wuri, da yawa kuɗi. Bahaushen da ya ce ba shi da ko wuri, da wanda ya ce ya tura kuɗi ta waya, sunan dabba ɗaya suke kira.

Ɗauki guda ka ɗora a tafin hannu. Bai wuce gaɓar yatsa ba, galibi santimita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Bayansa a tashe yake kamar ƙoƙo a kife, cikinsa a shafe, da doguwar tsaga daga kai har gindi, an jera mata ƙananan haƙora dama da hagu. Babu alamar murɗiyar nan da muka sani a jikin katantanwa, wadda yara ke fiƙewa su murza a ƙasa, shi ya sa ba a kawo dodon koɗi a rai in an gan shi. Alhali dangi ne. Nemi wanda aka goge wa baya don a ɗinka shi a jikin laya ko kambu, ka leƙa ta hudar: murɗiyar tana nan a ciki, a naɗe kamar tabarma.

Yadda abin yake, lokacin da yake ƙarami ɓawonsa siriri ne, a murɗe, bakinsa a wangale kamar na kowane dodon koɗi. In ya kusa balaga sai leɓen ɓawon ya lanƙwasa ciki, ya yi kauri, haƙoran su fito, zagayen ƙarshe ya haɗiye na bayansa. Daga nan tsawo ya tsaya, sai dai ƙarin kauri. Wannan matsattsiyar ƙofa garkuwa ce: ƙaguwa ko kifi ba ya samun inda zai zura baki, shi kuwa mai gidan jikinsa taushi ne da shi, ya zame ta tsagar ya shige abinsa. Kaurin nan shi ne ya sa za a zuba wuri a buhu, a ɗora wa jaki, a sauke, a zazzage a ƙasa shekara da shekaru bai fashe ba.

Sai sheƙin. Dodon koɗinmu na damina ɓawonsa a waje yake, ƙasa na gogarsa, rana na cinsa, don haka yake dishi-dishi. Wuri yana da wata fatar tsoka mai laushi wadda yake turowa ta tsagar nan, ɓangare ɗaya ya hau ta dama, ɗaya ta hagu, su haɗu a tsakiyar baya su rufe ɓawon ruf kamar mayafi. Wanda ya gan shi cikin ruwa a wannan hali ba zai gane shi ba, don mayafin yana da zane-zanen baƙi da fari da 'yan tsiro-tsiro, ya saje da dutsen da yake kai. In an taɓa shi sai ya janye mayafin, farin ɓawo ya bayyana. Wannan fata ita ke shafa wa ɓawon sabon sinadari ta waje, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai, shafi bisa shafi, muddin dabbar na raye. Saboda haka a goge yake fitowa daga ruwa, ba ya bukatar hannun maƙeri. Mutanen Italiya da suka fara ganin tangaran ɗin Sin, suka rasa abin da za su kwatanta santsinsa da shi, sai suka ba shi sunan da suke kiran wuri, kuma da wannan suna Turawa da yawa ke kiran tangaran har gobe.

Dangin wuri sun haura iri 200 a tekunan duniya, wasu sun kai girman dunƙulen hannu. Biyu ne kawai suka zama kuɗi a ƙasarmu. Na farko masana na kiransa Monetaria moneta, sunan da ma'anarsa kuɗi ne. Fari ne mai ratsin rawaya-rawaya, gefensa da ƙulli-ƙulli, kamar an ɗan matse shi da yatsa. Na biyu Monetaria annulus, wato mai zobe: bayansa sumul, da ɗan toka-toka, da wani siririn zobe ruwan lemo da ya kewaye tsakiyar bayan. Riƙe wannan bambanci, don tarihi guda ne a cikinsa.

Dukansu biyu ba su son zurfi. Mazauninsu bakin gaɓa ne, inda teku ke cika ya janye sau biyu a yini, tsakanin duwatsun murjani da ciyawar ruwa da ƙananan kududdufan da ke saura in ruwa ya koma. Da rana suna maƙale ƙarƙashin dutse, da dare su fito suna kankare gansakuka da wani harshe mai kaushi kamar zarto. Uwar in ta zuba ƙwai a jikin dutse ba ta tafiya. Sai ta shimfiɗa ƙafarta a kansu ta zauna, kamar kaza a kan kwanci, har su ƙyanƙyashe. Ina ganin wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake kallon abin da ke cikin gwangwanin ɗan koli.

'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe ba sa kama da iyayensu. Ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu, suna yawo a saman ruwa, igiya na kai su inda ta ga dama kafin su sauka su zauna. Ta haka dabbar da ke jan ciki a hankali ta mamaye rabin duniya: daga Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Gabas, ta Indiya da Indunusiya da arewacin Ostireliya, har tsibiran Hawai da Galafagos a Tekun Fasifik. Sharaɗinta ɗaya ne, ruwa ya zama mai ɗumi. A nan ne Allah ya yi mata shinge. A ƙarshen kudancin Afirka, ta wajen yamma, ruwan sanyi ne ke haurowa daga ƙasa, kuma 'ya'yan wuri ba sa iya ratsa shi. Don haka babu waɗannan iri biyu a Tekun Atilantika. Gaɓar Legas da Kalaba da Dakar tana da nata 'yan uwan wuri, amma ba su ne suka zama kuɗin kasuwa ba. Kowane wuri da aka taɓa ƙirgawa a Birnin Kudu ko Gwaram, daga ɗaya gefen nahiya ya fito.

Don a gane muhimmancin wannan shinge, yana da kyau a dubi wata dabbar teku da ita ma jirgi ya ɗauka, amma da ranta. Masana na kiranta Crepidula fornicata. Kalmar farko ma'anarta ɗan takalmi, domin in ka birkice ɓawon za ka ga wani farin faifai ya rufe rabin cikinsa, kamar silifa mai rufin gaba. Tsawonta na kaiwa santimita 5. Asalinta gaɓar gabashin Amurka ta Arewa ce, daga Kanada zuwa Tekun Meziko. Ba ta yawo. Ta manne wa dutse ko wani ɓawo ta zauna, tana tace abinci daga ruwa. Wata ta zo ta hau bayanta, wata ta hau bayan waccan, har su yi jeri goma ko fiye, kamar an kifa ƙore. Na ƙasa manya mata ne, na sama ƙanana maza, kuma namijin in ya girma aka hau bayansa sai ya rikiɗe ya koma mace. A ƙarshen ƙarni na 19 ta shiga Ingila a maƙale jikin kawa da aka yi safara daga Amurka. Ruwan ya karɓe ta, ta hayayyafa, yau ta bazu daga Norway har Sifen, kuma a wasu gaɓoɓin arewa maso yammacin Faransa ta shimfiɗe ƙasan teku har masunta na kuka da ita. Abin da ya iya zama ya haihu a inda aka kai shi, ba ya tsada. Wuri kuwa gawarsa ce ta zo mana. Ba a noma shi a fadama, ba a haƙo shi a dutse, ba a zuba shi a maƙera. Sarki ba ya iya ƙara shi, ɓarawo ba ya iya yin jabunsa. Nisan gidansa shi ne darajarsa.

Gidan kuwa, ga Monetaria moneta, tsibiran Maldib ne, kudu maso yammacin Indiya: ƙananan tsibirai kusan 1,200 na yashi da murjani, yawancinsu ba su fi tsawon mutum tashi daga ruwa ba. Daga can zuwa Birnin Kudu, in tsuntsu ne zai miƙe, kimanin kilomita 7,000 ne. Mutanen wurin Musulmi ne tun ƙarni na 12. Ba su da ƙasar noman kirki, sai kwakwa da kifi da wuri. Sukan jefa rassan kwakwa cikin ruwa mara zurfi, wuri ya taru ya manne, su jawo su baza a rana. Mata kuma sukan shiga ruwa har ƙugu suna tsinta, musamman a tsayuwar wata da tsakiyarsa, lokacin da teku ya fi janyewa. Sai a binne a rami har naman ya ruɓe, a tono, a wanke, a ƙulla a kwandunan ganyen kwakwa, 12,000 a kowane ƙunshi. Jiragen Bangal su kawo shinkafa su koma da wuri.

Matafiyin nan Ibn Batuta ya zauna a tsibiran nan wajajen 1343, har ya yi musu alƙalanci. Ya ce ana ba da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya, wani lokaci ma fiye. Bayan kusan shekara goma ya ratsa Sahara ya zo Mali da Gawo, ya tarar da wurin nan dai ana canjinsa 1,150 a dinari. Mutum ɗaya ya ga abin a bakin rijiyarsa, ya kuma gan shi a ƙarshen hanya, tsadarsa ta ninka kusan sau 350. A wancan zamani ta Bahar Maliya da Masar da Magrib yake biyowa, raƙumi ya ƙetaro da shi. A 1964 wani masani Bafaranshe, Théodore Monod, ya tono kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sandunan tagulla ne da tarin wuri. A ƙasar Hausa ma, a kaburburan sarakuna na Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, an sami wuri cikin kayan da aka binne manya da su. Ke nan ya fara zuwa mana a matsayin ado na masu mulki, ɗan kaɗan, mai tsada.

Zamansa kuɗin kowa da kowa ya zo daga baya. Littafin Tarihin Kano ya sa zuwan wuri ƙasar Hausa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Littafin ya kuma tuna da shi a kan sababbin haraji da ya ƙaƙaba, har da na kasuwar Kurmi. Ba na jin haɗuwar biyun dacewa ce kawai. Dami da tsaba suna da wuyar tarawa, amma abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, ba ya ruɓewa, gara ba ta ci, shi mai karɓar haraji yake so.

Me ya sa sai a lokacin ya wadatu? Amsar tana da ɗaci, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Tun farkon ƙarni na 16 mutanen Fotugal suka fara zagayo da wuri ta teku. Daga baya kamfanonin Holan da Ingila suka karɓe cinikin. Jirgin da ya ɗauko kayan yaji da tufafi daga Indiya yana bukatar nauyi a gindinsa don kada ya yi tangal-tangal, wuri kuwa ga nauyi, ga shi ruwa ba ya lalata shi. A sauke shi a Amstadam ko Landan, a yi gwanjonsa, a sake loda shi a jiragen da za su gaɓar Afirka ta Yamma, su Wida da Legas. Abin da ake saye da shi a can mutane ne. Masana biyu da suka bi diddigin takardun kamfanonin nan, Jan Hogendorn da Marion Johnson, sun fitar da littafi a kan haka a 1986, kuma lissafinsu ya nuna cewa a ƙarni na 18 kaɗai wurin da aka sauke a gaɓar nan ya haura biliyan 10. Daga bakin teku ya hauro ta ƙasar Yarabawa da Nufe, hannu zuwa hannu, har Zazzau da Kano da Katsina. Wurin da wata baiwar Allah ta sayi daddawa da shi a ƙauyen Gwaram, mai yiwuwa ne ya taɓa zama cikin farashin ɗan wata uwa da aka sa a jirgi bai dawo ba.

Akwai wani abu game da wannan yanki namu da ba a cika lura da shi ba: ya daɗe yana kusa da bakin iyakar ƙasar wuri ta gabas. A ƙarshen 1823 wani Bature, Hugh Clapperton, ya taso daga Borno zai je Kano. A Borno da ƙyallayen saƙi ake ciniki. Sai da ya iso Katagum ya fara ganin ana saye da sayarwa da wuri, ya kuma yaba sauƙinsa da yadda ba a iya yin jabunsa. Borno ba ta karɓe shi ba sai wajajen 1848, zamanin Shehu Umar. Ke nan bafataken da ya bar Birnin Kudu ya nufi gabas a wancan lokaci, kwanaki kaɗan zai yi ya isa inda kuɗinsa suka koma duwatsun ado, dole ya juya su zuwa tufa ko wata haja tun kafin ya ƙetare.

Birnin Kudu da Gwaram duka ƙarƙashin Kano suke a lokacin. Sai bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 suka koma masarautar Dutse. Saboda haka abin da wani Bature, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya rubuta game da Kano a 1851 ya shafe su. Ya tarar dalar azurfa guda tana daidai da wuri 2,500, kuma kuɗin ƙasa a kan kowane magidanci 2,500 ne. Ya ƙiyasta cewa iyali guda za su ci su sha su yi sutura a shekara da 50,000 zuwa 60,000, kuma tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta sayar a waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300. A bakin teku ana huda wuri a shirya shi a zare. Bahaushe bai yi haka ba, a warwatse yake ƙirga abinsa. A zube shi a tabarma, mai ƙirga ya tsuguna, yatsunsa na jan biyar-biyar, yana tara ƙananan tsibi su zama manya. Barth ya ga ana ƙirga 500,000 a Tasawa, ya ce aiki ne na jarumai. Harshenmu ya ajiye sawun wannan aiki: hauya da laso ashirin ne, zangu ɗari, zambar ta dubbai ce, keso kuwa jakar tabarma ce mai cin 20,000. Abincin gida na shekara, a lissafin Barth, keso uku ke nan.

Wannan kuɗin ƙasa ya taɓa jawo wa kudancin Kano abin da ba a manta ba. Wajajen 1846 wasu malamai na Tsakuwa, ƙarƙashin Malam Hamza, suka ƙi biyan harajin da aka ɗora musu, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi. Daga nan aka kafa daular da ta shafe shekaru tana kai hari ƙasar Kano, kuma Birnin Kudu da Gwaram na cikin garuruwan da ke bakin daga. Rigima a kan 'yan dubban katantanwar teku ta zama ganuwa da ƙofofi da kwana da makami a garuruwan da ke tsakiyar tudu.

Abin da ya karya wuri daga gidansa ya fito. Shingen ruwan sanyi ya hana dabbar zuwa da ƙafarta, amma bai hana ɗan kasuwa neman wata rijiya ba. Daga 1845 'yan kasuwar Jamus na birnin Hambog suka gane cewa mai zoben nan yana nan jibge a gaɓar Zanzibar, da arha, kuma ba sai an bi da shi ta Turai ba. Faransawa suka bi sahu. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka juye biliyoyinsa a Afirka ta Yamma, suna sayen manja. Da farko kasuwanni sun yi masa kallon baƙo, daga baya aka karɓe shi ɗaya da ɗaya da na Maldib. Kuɗi suka yi yawa, daraja ta zube. Dalar da Clapperton ya canza 2,000, Barth ya canza 2,500, kafin ƙarnin ya ƙare ta ninka haka a Kano.

Ga shi kuma mai zobe ya fi nauyi. Ko da na Maldib ne, keso guda ya haura kilo 20, kayan ɗan dako ɗaya ke nan. Charles Robinson, wani Bature da ya zo Kano a 1894 yana koyon Hausa, ya ba da labarin dokinsu da ya gaza a hanya, suka kasa sayar da shi, domin kuɗinsa sai an ɗauki 'yan alaro goma sha biyar, su kuma ladansu zai cinye kuɗin kafin a je ko'ina. To, da me attajiri zai yi babban ciniki? Da riguna, da dawaki, da dalar azurfa in ta samu, da kuma bayi, waɗanda ke tafiya da ƙafarsu har su ɗauki kaya. Wannan cinikin bayi ma namu ne, ba na Turawan gaɓa ba, kuma nauyin wuri na cikin abin da ya sa ɗan Adam ya zama babbar takardar kuɗi a kasuwanninmu.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. A 1904 suka hana shigo da wuri, suka rinƙa matsa wa mutane su biya haraji da sulalla, aka buga anini mai huda a tsakiya, goma a kobo guda, don ya maye gurbinsa a ƙananan ciniki. Duk da haka bai tafi nan da nan ba. Mai sayar da ƙuli-ƙuli ko ɗan gishiri ta san akwai cinikin da ko anini ya yi masa yawa, don haka a kasuwannin ƙauye an ci gaba da ƙirga shi shekaru da dama. Wanda ya yi asara shi ne wanda ya tara. Dattijon da ya yi shekara talatin yana cika tukwane yana binnewa a ɗaka, don aurar da 'ya'ya ko don guzurin Makka, ya wayi gari abin da ya tara ba ya biyan harajin shekara. Ba wanda ya canza masa. A hankali baki ma ya juya, aka koma cewa ba ni da ko anini, ko sisi, ko kwabo. Wasu ƙasashen sun riƙe sunan da gangan: kuɗin Gana, sidi, wanda aka fara a 1965, sunan wuri ne a harshen Akan. Mu ba mu yi shawara ba, kalmar kuɗi ce kawai ta ƙi tashi.

Da ya sauka daga kasuwa sai ya koma inda ya fara, wajen ado da asiri: a kitson 'yan matan Fulani, a jikin ƙwarya da faifai, a kayan 'yan bori, a ɗamarar mafarauta, a hannun mai duba da ɗan caca, waɗanda su ne suka fi goge masa baya don ya iya faɗuwa ta ciki ko ta waje. Na cikin gwangwanin ɗan koli a yau wasu sababbin zuwa ne, farare tas, haƙoransu da kaifi. Amma in a gidanku akwai na tsofaffi, a ƙasan adudu ko a jikin wata tsohuwar laya, fito da su ka zuba a faifai ka kai rana. Mai santsin baya da ragowar zobe ruwan lemo, galibi ta Zanzibar ya zo, bayan 1845, zamanin da kuɗi suka yi arha. Ƙaramin nan mai ƙulli-ƙulli a gefe, wanda ya koma ruwan madara, haƙoransa suka lashe don yawan yatsun da suka ja shi a tabarma, shi ne ɗan Maldib. Wata mata ce ta shiga ruwa har ƙugu ta tsinto shi, a tsayuwar wata ko a tsakiyarsa.